Tunkiya da Jirgin Ruwa

A tsibirin Piko, inda baƙin dutse ya fi ƙasa yawa,
inda teku ke kwana yana tari a bakin ƙofa,
Ermelinda ta shekara saba'in da ɗaya
ba ta taɓa rasa sunan komai ba.
Sai bana.

Jikarta Leonor, haihuwar Toronto,
ta kira ta ran Lahadi da yamma,
fuska ta cika waya, haƙoran gaba biyu sun faɗi,
tana zuba zance kamar an ɓalle famfo.
Tsohuwa ta yi ta gyaɗa kai tana murmushi,
ko kalma ɗaya ba ta tsinta ba.
Da aka kashe waya ta zauna jugum
har madarar da ke kan wuta ta tafasa ta zube.

Washegari ta sayo 'yan takardu masu gam,
ruwan ɗorawa, ɗari biyu a ƙunshi.
Valdemar, ɗan maƙwabciya, mai kai baƙi yawon teku,
shi ya rubuta mata da manyan baƙaƙe.
Ta manna wa ƙofa sunanta na Turanci,
ta manna wa taga, ta manna wa cokali,
ta manna wa kyanwa, kyanwa ta ƙi,
ta tafi da sunan cikin gonar inabi ta yar.

Ashe Turanci ba shi da amana.
A rubuta harafi, a ce kar a faɗe shi.
Sunan wuƙa da wani baƙi a gaba wanda ba ya magana,
yana zaune kurum kamar mai zaman makoki.
Kaza da kicin sai su yi mata musayar riga.
Tunkiya da jirgin ruwa kuwa uwa ɗaya uba ɗaya,
ka ja baki kaɗan, ka hau dabba ka nufi teku.
Ta ce wa Valdemar mijinta ya rasu yana tuƙa tunkiya.
Yaro ya yi dariya har da dafa bango,
can ya tuna, ya haɗiye sauran, ya cire hula.

Kalma biyar kullum kafin a tatsi saniya,
uku kan gudu kafin rana ta take.
"Kwando aka ba ni in ɗebo ruwa," in ji ta,
"amma ko kwando, in ya sha zuwa rafi, yana jiƙa."
Ta iya gaisuwa. Ta iya nawa ne wannan.
Ta iya don Allah sake faɗa a hankali,
wannan ta fi riƙewa, don ita ta fi aiki.

Wani dare ta tambayi yadda ake cewa ina kewarki.
Valdemar ya sosa ƙeya ya ce:
"Kalma ɗaya suke yi wa kewar mutum
da wanda ya makara jirgi ya tafi ya bar shi."
Ta dubi wajen da tashar jiragen take.
Ta ce, "To, wannan kam sun faɗi gaskiya."
Ba ta manna ta ko'ina ba.
Ta ninke ta sa a aljihun riga.

Lahadi ta zagayo.
Kalma bakwai a tafin hannunta, gumi ya cinye biyu.
Ta yi gyaran murya ta ce da Turanci:
"Ina haƙorinki?"
Yarinya ta zaro ido, ta yi ihu ta kira babanta,
ta dawo ta ce ba haka ake faɗa ba, Kaka,
sai kin sa harshe tsakanin haƙora kin hura.
Ta gwada mata, iska ta fice ta giɓi.
Tsohuwa ta gwada, haƙoran roba suka motsa.
Daga mai koyo har malamar
babu wadda ta iya faɗin haƙori.

Suna cikin dariya kyanwa ta gifta.
Leonor ta nuna ta da yatsa:
"Ku can me kuke ce mata?"
Ermelinda ta gane tambayar, dukanta, ba saura.
Ta faɗa. Ta sake faɗa a hankali.